Waƙar Ɗan Sarkin Kadoji

Yatsunsa na fara gani. Na shiga zaure da akushin tuwon Baba, na durƙusa zan ajiye, sai idona ya faɗa kan hannun wani baƙo yana ɗaura wa garmaho, akwatin nan mai kaɗa faifai, allura. Yatsu ne dogaye, farce a yanke tsaf, ya riƙe allurar nan a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ban taɓa ganin namiji ya taɓa wani abu da lallashi haka ba. Na yi sototo da akushi a hannu, har sai da Baba ya ce, "Lami, ajiye mana. Ko tsayuwa aka aiko ki?"

Baƙon ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi. "Akawu, ashe gimbiya gare ka a gida ka ɓoye mana."

Shekarata goma a lokacin. Ba wanda ya taɓa ce mini gimbiya. A gida ni ce Lami mai mantuwa, wadda za a aika sayen gishiri ta tsaya a hanya tana kallon gajimare. Daga wannan maraice na shiga jiran sallamarsa kamar yadda Baba yake jira.

A cikin shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Muna zaune a Unguwar Sarki ta Kaduna, a wani gidan ƙasa mai rufin kwano, ni da Baba da Inna da ƙanena Sule, da kuma Iya, mahaifiyar Baba. Daga Zariya aiki ya kawo mu, danginmu duk suna can. Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati da ke ɗaukar masinjoji da leburori. Duk wanda aka ɗauka aiki sai an ba shi takarda mai hatimi, hatimin kuwa yana kwana a aljihun teburin Baba, mabuɗin yana ɗaure da zare a wuyansa, a ƙarƙashin riga. Mutum ne mai shiru. Ya hau kekensa da safe, ya dawo da la'asar, ya yi salla, ya ci abinci shi kaɗai a zaure. Kafin zuwan wannan baƙo, Malam Jafaru, ban san Babana ya iya dariya har da riƙe ciki ba.

Malam Jafaru, in ji shi, ya yi shekaru yana yi wa wani likita Bature aiki a gida. Da likitan zai koma ƙasarsu sai ya bar masa garmaho da tulin faya-fayai. A masallaci suka haɗu da Baba. Tun daga nan, kullum bayan magariba sai ka ji sallamarsa, ga akwatin nan a hammata an lulluɓe shi da mayafi saboda ruwa, don damina ce.

Faya-fayan ba irin waɗanda muka sani ba ne. Ina kai ruwa ina ɗauke kwano, ina jinkiri da gangan, na ji yana yi wa Baba bayani.

"A ƙasarsu akwai wani wasan kwaikwayo da ba a magana a ciki, Akawu. Komai waƙa. Mutum ya nemi ruwan sha da waƙa. A soke shi da wuƙa, ya faɗi ƙasa, ya ƙi mutuwa sai ya ƙarasa baitinsa."

Baba ya yi dariya har da tari. Malam Jafaru ya wana garmahon, ya saki allura.

"Ka ji wannan mai ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya? Ita ce budurwar. Wannan kuma mai kukan, saurayinta ne, ba abin da yake tsinanawa sai kuka. To, saurara. Ga maigida nan ya iso."

Sai wata murya ta fito daga akwatin nan, mai kauri, a hankali, ba gaggawa. Ban san ko kalma ɗaya daga abin da take cewa ba, amma na ji kamar in gudu, na kuma ji kamar in matsa kusa.

"Shi ne mugun," in ji Malam Jafaru. "Shi zai raba su, shi zai sa a kashe yaron. Likita ya ce in ya fito, wuri yakan yi tsit. In an gama kuwa shi aka fi yi wa tafi."

"A yi wa mugu tafi?" Baba ya tambaya.

"To wa ya kai shi aiki, Akawu? Sauran ai wahala kawai suke sha. Shi kaɗai ya san abin da ya zo nema."

Ya lumshe ido ya bi muryar da tasa, ba da kalmomin ba, da amo kawai, kuma wallahi ban iya raba su ba.

Iya ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, don ba ya wuce zaure. Amma tana jin komai ta kan katanga, abin da ba ta ji ba kuma a bakina take tatsa. Ina dawowa da kwanuka za ta jawo ni gefe.

"Ke, mai kunnen zomo. Muryar wa yake bi a cikin masu ihun nan?"

"Ta mugun, Iya."

"Uhm. Miyar fa, me ya ce?"

"Ya ce bai taɓa shan irinta ba."

"Ya ɗanɗana ya faɗa, ko kuwa?"

Na yi tunani. "Tun ban buɗe kwanon ba ya faɗa."

"Uhm," ta sake cewa. "Me ya tambayi mutumin ɗakin can?"

Mutumin ɗakin can shi ne Baba. Ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki. In ya zo gaishe ta da safe, yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta fuskanci bango ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa iska da ƙarfi, "A gaya wa masu keke rufin madafa yana yoyo," alhali yana tsaye taku uku daga ita. Mu yara dariya abin yake ba mu. Ban san akwai ranar da wannan kunya za ta zame mata igiya a wuya ba.

Na gaya mata abin da na ji. Ya tambayi Baba ƙarfe nawa Baturen da ke shugabantarsu yake tashi daga ofis. Wani dare ya tambaya ko ana ƙirga takardun da ba a rubuta komai a kansu ba. Wani daren kuma, cikin wasa, ya ce, "Akawu, wannan zaren na wuyanka laya ce ko mabuɗin Aljanna?" Duk cikin raha yake yi, tsakanin faifai da faifai, ya tambaya ya wuce kamar bai damu da amsar ba.

Iya ta gwada aika wa Baba gargaɗi ta hannun Inna. Inna ta kai masa maganar, Baba ya ce mata zargi irin na mata ne, mutum ya zo da alheri a ce sai an leƙa cikinsa. Ita ma Innar ba da zuciya ɗaya ta je ba, don a makon nan Malam Jafaru ya aiko mata da sabulu mai ƙamshi, ya ce a kai wa mai miya.

A wannan daminar, in ruwa ya hana mu zama a tsakar gida, a madafa muke taruwa bayan an sauke tukunya. Iya ta zauna a kan turmi da aka kwantar, ta tura masara cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta, ni da Sule da 'ya'yan maƙwabta biyu. Hayaƙi yana sa mu hawaye, ruwa yana kiɗa a kan kwano. Tana da yadda take buɗe tatsuniya, nata ita kaɗai. Sai ta ƙwanƙwasa turmin sau uku ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo da ƙafar dama."

Ranar da nake son in ba da labarinta, ta ƙwanƙwasa, muka amsa, sai ta ce wannan sabuwa ce, ba mu taɓa ji ba.

Wai akwai wani gari a bakin kogi, mai ganuwa da ƙofa ɗaya tak. Kogin cike yake da kadoji, shi ya sa rana na faɗuwa ake kulle ƙofa. Mabuɗin yana hannun wani bawan Allah, mai gaskiya, mai shiru, wanda ba shi da aboki ko ɗaya. Sarkin kadoji kuwa yana da ɗa. Kullum da almuru sai ɗan nan ya fito bakin gaɓa, ya tuɓe fatarsa ya rataye a kan giginya, ya zama saurayi kyakkyawa, farar riga, molo a kafaɗa. Ya zo bayan ƙofa ya zauna. Ba ya bugu, ba ya tsawa. Waƙa kawai yake yi.

A nan Iya ta gyara zama. Ita da muryarta siririya ce, ta tsufa tana rawa, sai ga wata murya ta fito daga ƙirjinta, mai kauri, mai sanyi, kamar an zuba zuma a ruwan ɗumi.

"Mai ƙofa, mai ƙofa, ban zo da kowa ba,
Ni ne da molona, da raɓa a ƙafata.
Ban ce ka ba ni gari ba, ban ce ka ba ni gida ba,
Zauna kusa da ƙofa, ka ji abin da na kawo."

Mu kuma ta koya mana amshi: "Zauna, baƙo, zauna." Muka yi ta rerawa muna tafi. Sule, da Iya take kira maigidanta, ya ce shi tsoro yake ji. Ta ce, "Haba maigida, kai da za ka tsare ni?" Amma ya cusa kai a cinyarta.

Mai ƙofa ya saba da waƙar. Da farko ta bayan ƙofa yake ji, daga baya ya fara buɗewa kaɗan, saurayin ya shigo su yi hira. Yana ba shi dariya, yana ce masa duk garin nan ba wanda ya san darajarsa. Abu biyu ne kawai: gefen rigar baƙon kullum a jiƙe yake, kuma ba ya ƙifta ido. Mai ƙofa bai lura ba. Tsohuwarsa ce ta lura, don ita take share wurin da safe, tana ganin laima inda ya zauna. Amma mai ƙofa ɗan farinta ne, bakinta a ɗaure yake.

Wata rana baƙon ya zo da hawaye. Ya ce yana da wata gyatuma da ta makara a hanya, ba za ta iso ba sai tsakar dare. "Ara mini mabuɗin na dare ɗaya. Ka je ka yi barcinka, ka gaji. Kafin asuba yana hannunka." Mai ƙofa ya cire ya ba shi. Kafin asuba kuwa mabuɗi ya dawo, bai yi ƙarya ba. Sai dai da gari ya waye, ba akuya ko ɗaya a garin, ba tunkiya, kuma yara uku da suka kwana a waje ba a gan su ba. Sawun kadoji ne tun daga ƙofa har kasuwa. Mutanen gari ba su je kogi neman ɗan sarkin kadoji ba. Wa zai shiga? Mai ƙofa suka kama.

Ta ciro masara daga wuta ta kakkarya mana. "Baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa," ta ce. Haka take rufewa.

Ni ban ji ƙarshen da kyau ba. Ina can bakin gaɓa da saurayin nan, ina ganin farar rigarsa a hasken almuru. Na tabbata a raina ba laifinsa ba ne. Ubansa ne ya tilasta shi. Ko kuwa sihiri aka yi masa, yana jiran wanda zai yarda da shi ya warware. Wanda ke da murya irin wannan, ina zai kai mugunta?

Da yaran maƙwabta suka tafi, Iya ta riƙe hannuna. Ba wasa a fuskarta.

"Lami, jiya kin ce baƙon nan na zaure ya yi maganar wani ɗan'uwansa."

"E. Wai maraya ne, ya sami aiki a Jos amma sai da takardar shaida mai hatimi. Ya ce dare ɗaya kawai, Baba ya zo da hatimin gida."

"Me mutumin ɗakin can ya ce?"

"Ya ce zai duba."

Ta saki hannuna. "Gobe in kin kai abinci, ki ce kin koyi tatsuniya za ki ba shi. Ki ba shi ita kaf, da tsohuwar, da jiƙaƙƙiyar rigar, da yadda aka kama mai ƙofa. Kada ki rage ƙarshen. Ba wawa ba ne, zai san daga inda ta fito. In bai ji wannan ba, sai in aika Zariya a taso mini Bawa." Bawa ƙanenta ne, shi kaɗai yake iya zaunar da Baba ya yi masa faɗa.

Washegari na ɗauki akushi na nufi zaure. Na so in sami Baba shi kaɗai, amma Malam Jafaru ya riga ni. Yana zaune yana goge faifai da hankici. Na saci kallon gefen rigarsa. A jiƙe yake. Sai na dubi na Baba, shi ma a jiƙe, don tare suka dawo daga masallaci cikin yayyafi. Na dubi idonsa in ga ko yana ƙiftawa, sai ya kashe mini ido ɗaya.

"Baba, na koyi tatsuniya."

"Tatsuniya kuma? Kai wa Sule."

"A'a, Akawu," in ji Malam Jafaru. "Gimbiya ta zo da kaya ka ce ta koma? Bismillah, muna ji."

Na durƙusa na fara. Na kawo gari da ganuwa da kogi. Na kawo saurayin da molonsa. Da na zo waƙar na rera, sai Malam Jafaru ya ajiye faifan, ya ce in sake. Na sake. A karo na uku ya karɓe ta daga bakina, ya rera da muryar nan tasa, ta cika zauren har ta fita tsakar gida. Ba ta taɓa yin daɗi haka ba, ko a bakin Iya. Baba yana kaɗa kai, shi ya yi amshin da kansa: "Zauna, baƙo, zauna."

Na faɗi jiƙaƙƙiyar rigar da sauri, ƙasa-ƙasa. Tsohuwar kuwa tsallake ta na yi. Da na iso wurin mabuɗi, sai na ɗago, na ga Malam Jafaru yana kallona. Murmushi yake yi, amma ya daina motsi gaba ɗaya. Har yau ban san ko tsoro ne ya kama ni ko kuwa tausayi. Na san dai ban iya in dubi mutumin da ya ce mini gimbiya in kira shi kada ba. Sai bakina ya ɗauki wata hanya. Na ce da mai ƙofa ya ba shi mabuɗin, ashe yarda ce maganin sihirin da aka yi masa. Fatar da ke kan giginya ta kama da wuta, ya zama mutum har abada, ya auri 'yar sarkin garin, ya naɗa mai ƙofa waziri.

Baba ya yi dariya. "Ka ji 'yar nan. Kanta cike yake da aure."

Malam Jafaru ya tafa mini. "Wa ya koya miki?"

"Iya."

"Har ƙarshen?"

Na sunkuyar da kai.

"Madalla da gimbiya," ya ce a hankali. Ya ciro alewa daga aljihu ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta. "Ki gai da Iya. Ki ce mata baƙo ya ji, ya gode."

A madafa Iya tana jirana a tsaye.

"Kin ba shi?"

"Na ba shi."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, Iya."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi."

Na ga fuskarta ta canza. Ta zauna a kan turmi. "To," ta ce wa bango. "Ya ji, ya san daga inda ta fito, ya yi dariya. Wanda ya yi wa uwarsa dariya, me Bawa zai gaya masa?" Ba ta aika Zariya ba. Gaisuwar baƙon ma ban isar ba. Alewar na jefa a kwata.

Kwana biyu bayan haka Baba ya dawo da hatimin a aljihun rigarsa. Kafin asuba an mayar masa, kamar yadda aka yi alkawari. Malam Jafaru ya ƙara zuwa sau uku ko huɗu, sannan ya ce zai raka ɗan'uwan nan nasa Jos. Bai dawo ba.

Wajen ƙarshen damina samari suka fara zuwa ofishin su Baba, daga ƙauyuka, wasu da tabarma a kafaɗa, kowa da takardar ɗaukar aiki mai hatimi, an ce ya zo ya fara ranar Litinin. Wani ya sayar da jakinsa kafin ya sami takardar, wani gonar gado. Aka tara su a ƙofar ofis, aka kira Baba ya dubi hatimin ya ce ko nasa ne. Ya ce nasa ne. Ba a ɗaure shi ba, don ba a sami ko anini a wurinsa ba, amma a ranar aka karɓi mabuɗin daga wuyansa. Ya dawo gida yana tura keke, bai hau ba.

Muka bar Unguwar Sarki muka koma Kawo, ɗaki biyu a gidan haya. Baba ya sami tebur da kujera a bakin tasha yana rubuta wa mutane wasiƙa. Ya koma shirunsa, har ya fi na da. Iya ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma waccan ba ta sake ba. Kuma in ya zo gaishe ta da safe, "lafiya" ɗin da take amsawa ta ƙara gajarta. Ina ganin haka kullum, na san abin da ke tsakaninsu, na san ni na sa shi a wurin.

Sai da na kai shekara goma sha shida na iya faɗa mata. Tana tsince shinkafa a faifai, na zauna na kwashe duka na gaya mata, ina kuka.

"Ashe bai ji ba," ta ce. Ta sake cewa, "Ashe yaron nan bai ji ba." Hawaye ya ɗigo cikin shinkafar. Sannan ta dube ni. "Ke kuma share fuskarki. Ni na aiki yarinya da kayan manya. Kuma ni na yi wa kadan nan waƙar. Na kwana biyu ina gyara ta. Da na ba shi muryar jaki, da kin faɗi ƙarshen."

"Me ya sa ba ki ba shi ba, Iya?"

"Da muryar jaki wa zai buɗe masa ƙofa? Ai da ƙarya na yi muku." Ta ɗan murmusa. "Ni ma in na zo wurinsa bakina ya fi yi mini daɗi. Ba ki lura ba?"

Washegari da Baba ya durƙusa a bakin ƙofarta, ta fuskanci bango kamar kullum, ta ce, "Lafiya." Sannan ta ƙara, "A gaya wa masu rubuta wasiƙa su riƙa sa hula, rana tana da zafi a tasha." Baba ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Na girma, na yi aure, na haifi nawa. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa na zama mai cinye su, a buhu nake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Kuma na lura da kaina. Saurayin kirki, mai haƙuri, mai ladabi, nakan yi masa fatan alheri in wuce shafinsa da sauri. Amma in wancan ya shigo, mai sanyin magana, wanda ya san abin da kowa yake ƙishirwar ji, sai in gyara kwanciya. Na san zai cuci yarinyar, ina jin tsoronsa, ina kuma jiran fitowarsa. Turawan da ke yi wa mugu tafi ba su fi mu hauka ba. A cikin littafi ko a cikin faifai ba ya iya cin akuyar kowa, shi ya sa ake iya sonsa a zauna lafiya. Abin da Iya ta so in gane shi ne, a zaure ma da wannan daɗin yake zuwa, ba a rage masa komai ba. Shi ya sa har yau, in wani ya yabe ni daidai inda nake so a yaba, sai in ji daɗi, sannan in fara tunanin abin da ke rataye a wuyana.

Malam Jafaru ya dawo Kaduna bayan shekara kusan talatin, Iya ta daɗe da rasuwa. Ya dawo yana Alhaji, ɗan kwangila, ya gina gida a Katabu da masallaci a ƙofarsa. Ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Samarin da suka sayar da jakunansu ba su san ma sunansa na gaskiya ba. Wata Juma'a ya aiko mota Kawo a ɗauko Baba. Muka ce kada ya je. Ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya shiga. Ya dawo bayan isha yana dariya shi kaɗai. Da Alhaji Jafaru ya rasu, bayan shekara biyu, Baba da tsufansa yana cikin waɗanda suka kama makara.

Na same shi da yamma a ƙofar ɗaki, idonsa ja.

"Baba, mutumin da ya raba ka da aikinka? Ko gafara ya nema?"

"Bai nema ba. Ko maganar bai ɗauko ba."

"To kukan me kake yi masa?"

Ya ajiye carbinsa. "Ya cuce ni, Lami, na sani. Tun ranar da na miƙa masa abin nan jikina ya ba ni. Amma wata huɗun da ya yi yana zuwa zaurena, su ne kaɗai lokacin da wani ya zauna ya saurare ni kamar ni wani ne." Ya share ido da gefen riga. "Ko da ƙarya yake yi, ya iya."